Fom Ɗin da Na Hana Ta Cikewa

A da na yi imani cewa mai ilimi ba ya cutar da wanda ya dogara da shi, matuƙar niyyarsa kyakkyawa ce. A lokacin ina koyar da tattalin arziki a wata sakandare a unguwar Nasarawa, nan kudancin garin Kaduna, kuma duk takardar Turancin da ta shigo layinmu ni ake kawo wa. Ina jin daɗin wannan matsayi fiye da yadda nake nunawa.

Maƙwabciyata dattijuwa ce 'yar Filato, muna ce mata Mama, tana sayar da doya da dankali. Kafin mijinta ya rasu, ya yi shekaru yana zubi a wani kamfanin inshora domin karatun autarsu. Ni ma ina da inshora a wurin. Ana nan sai kamfanin ya durƙushe, kotu ta ba da umarnin rushe shi, ta naɗa wanda zai sayar da kadarorinsa ya biya masu haƙƙi. Aka buga sanarwa cewa kowa ya cike fom, ya haɗa da takardarsa ta asali, kafin wa'adi ya cika.

Daraktocin suka ɗaukaka ƙara, lauyansu kuma ya tara mu a wani ɗakin taro a Narayi. Ya ce za a iya farfaɗo da kamfanin kowa ya karɓi haƙƙinsa cif, amma idan aka rushe shi, ɗan abu kaɗan za mu tsira da shi. Ya ƙara da cewa duk wanda ya cike fom ya sa hannu ne a kan mutuwar kamfanin. Maganarsa ta yi daidai da abin da nake so na ji, shi ya sa ban tambayi kaina wa yake wa aiki ba.

Washegari Mama ta shigo da fom ɗinta. Ta roƙe ni na taimaka na cike mata, ta ce ko rabi aka ba ta ta gode Allah, domin yarinyar ta samu gurbi a makarantar koyon jinya. Na yi mata dogon bayani, har da misalai irin na aji. Ta yi dariya, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin ɗan boko yana gudun biro ba, amma tunda ni na yi karatu, ta bar mini. Na karɓi fom ɗin na sa a cikin fayil.

Daga nan sai zirga-zirga. Na sha tsallaka gadar kogin Kaduna zuwa kotu, na zauna a benci har azahar, sannan a ce alƙali ba shi da lafiya, ko lauya ya tafi taro, ko ba a ga wata takarda ba. Duk dawowata Mama takan tsokane ni, ko yau Baba alƙali ya warke. Daga baya ta daina tambaya, ni kuma na fara sauya hanya don kada na bi ta gaban rumfarta.

Bayan shekaru aka yi watsi da ƙarar. Waɗanda suka cike fom a kan lokaci suka karɓi wani kaso. Da na je da nata, jami'in ya duba ni da tausayi ya ce an gama rabo, sai dai na shigar da sabuwar buƙata, kuma a gaskiya babu abin da ya rage. Ya ce da mun cike fom, ba abin da zai hana a ci gaba da ɗaukaka ƙarar. Wannan abu ne da kowane lauya zai iya gaya mini cikin minti biyu, amma girman kai ya hana ni tambaya.

Na daɗe ina lallashin kaina da cewa ni ma ban cike nawa ba. Amma ni ina da albashi. Abin da na yi caca da shi ba nawa ba ne.

Ina roƙon duk wanda ake kawo wa takarda saboda karatunsa da ya san iyakar saninsa. Idan kotu ta sa wa'adi, a cika shi tukuna, sannan a yi fata. Kuma kada a karɓi shawarar lauyan da wani ke biya.

Mama ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba. Yarinyar ba ta shiga makarantar ba. Ita ce yanzu take zama a rumfar doya.