Yadda Duna Ya Daina Yarda da Hannuna

Shekarun baya can, lokacin da gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, ɓarayi suka ɗauke mini tumaki biyu. Ina ɗan kiwo ne a wani kango da ke manne da gidana a Malam Inna. Da abokina ya zo jaje, sai ga shi da kwali a bayan mashin, a ciki ɗan kwikwiyo baƙi wuluk. Ya ce in raine shi ya yi mini gadi. Na sa masa suna Duna.

Matata ta leƙa kwalin sau ɗaya, ta kafa doka: ba tsakar gida, ba kusa da randa, ba kusa da buta. Kango ne gidansa. Na ce na ji.

Matsalar ita ce ƙofar kangon tana kallon lungun da ake bi zuwa masallaci. Shi kuma Duna ba ya cizo, ba ya ko haushin kirki. Son mutane ne ya yi masa yawa. Da ya ga mutum sai tsalle, ya dafa shi da ƙafafun gaba, ya lashe masa hannu. To kun san yadda muke da yawun kare, balle mutum ya yi alwala ya sa tufafin salla.

Wata rana gab da la'asar Duna ya kuɓuce, ya yi karo da ladanmu cikin farar riga. Sawu huɗu na jar ƙasa ya buga masa a ƙirji. Ladan ya koma gida canza kaya, kiran salla ya makara. Shi Babarbare ne, ni kuma kakata Bafulatana ce, don haka akwai wasa tsakaninmu tun muna samari. Amma ranar bai yi dariya ba. Washegari mai unguwa ya kira ni ya ce, "Malam, jama'a sun yi haƙuri. Ko ka gyara karen nan kafin azumi, ko ka mayar da shi inda ya fito."

Saura mako shida a ga wata. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda maganar ta tsaya mini a rai. Ashe na shaƙu da ɗan banzan nan ban sani ba.

Abokin nawa ne ya ba ni labarin wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo a Herwagana, tsohon ɗan sanda da ya yi aiki da karnuka, yana koyar da su duk Asabar da safe a bayan gidansa. Na yi dariya har da hawaye. Ni da na gudu daga firamare a aji biyu, wai yanzu da furfurata zan kai kare makaranta.

Na dai je. Masu Keke Napep uku suka ƙi ɗaukarmu kafin na huɗu ya yarda, shi ma sai da na sa Duna a kwali. Muka tarar da samari ƙarƙashin darbejiya da manyan karnukan Turawa, kowanne da sarƙa mai walƙiya, suna ta zuba Turanci. Ni kuwa da igiyar rago na ɗaure nawa.

Malamin yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Wane ne ɗalibin a cikinku?"

Na ce, "Oga, wanda duk ka ga zai fi ganewa."

Aikin ba wuya a ido. Ka riƙe ɗan nama a dunƙulen hannu, ka kai saitin hancin kare, ka ɗaga sama a hankali. Yana bin hannun da kai, sai gindinsa ya sauka ƙasa da kansa. Nan take ka ce "zauna", sau ɗaya tak, ka buɗe hannu ya ci. Daga baya a ƙara "tsaya", da "zo", da "bari". Malamin ya ce in riƙa yi a gida safe da yamma, kaɗan-kaɗan, kada in gajiyar da shi. Duna ya kama abin tun ranar farko, har samarin nan suna tafa masa.

Matata, duk da ba ta ko taɓa shi, ita ta riƙa soya mini huhu tana yankawa ƙanana ta ƙulle a leda. A nan aka samu matsala, domin matata ta iya suya.

Dole kuma in faɗi wani hali nawa. Tun ina yaro ni mai tsokana ne. Sai in dunƙule hannu in kira yaro, "Zo ka karɓa," ya taho da gudu, in buɗe babu komai, in yi ta dariya. Na yi wa 'ya'yana, na yi wa jikokina. To da na ga Duna yana zama in na dunƙule hannu, sai na ce me zai sa a ɓata huhu? In ɗanɗana ɗaya, in ɗanɗana biyu, leda ta ƙare. In dunƙule masa iska, ya zauna, in buɗe, ya shinshina tafin hannuna ya ɗago ya dube ni. Ni kuma ina ƙyalƙyala dariya.

A Asabar ta uku asirina ya tonu. Malamin ya ce "zauna", Duna ya zauna ɗaram. Ya miƙo mini igiya. Na dunƙule hannu na ce "zauna". Duna ya dubi hannun, ya yi hamma, ya juya ya kama wasa da ganye. Na maimaita har sau biyar, ina ɗaga murya.

Malamin ya matso ya ce, "Baba, buɗe hannun nan in gani."

Na buɗe. Wayam.

"Ina naman da Mama ta soya?"

Na ce, "Oga, daga Malam Inna zuwa nan akwai nisa."

Samari suka kwashe da dariya, shi kuwa ko murmushi. Ya ja ni gefe ya ce, "Baba, kare bai san wasa irin wannan ba. Shi abin da ya gane kawai, hannun mutumin nan ƙarya yake yi. Nan gaba zai ji maganarka ko ba nama, amma sai ya fara yarda da kai. In ka ci gaba a haka, ranar da za ka kira shi da gaske, ba zai waiwayo ba."

Ya ba ni aikin gida mai ban kunya. Mako guda cur kada in ba shi umarnin komai. In kira sunansa kawai, in buɗe hannu, ya tarar da abu a ciki, kowane lokaci.

Da na ba matata labari, ta ajiye muciya ta dube ni ta ce, "Malam, har kare ya gane ka?" Daga ranar sai ta cika mini ciki da ɗumame kafin ta ba ni ledar.

Kwana uku na farko Duna tahowa yake yi a karkace, yana leƙen hannun daga nesa. A na huɗu ya taho da gudu. Muka sake komawa "zauna" daga farko, kamar ba mu taɓa yi ba.

Saura kwana biyu azumi, da yamma, na buɗe ƙofar kango zan fitar da kwanon dusa. Duna ya bi ta tsakanin ƙafafuna ya fice. Na ɗaga kai, ga ladan nan tafe, cikin wata farar rigar da ta fi ta farko haske. Duna ya miƙa a guje, wutsiya na kaɗawa. Ladan ya daskare, ya ɗaga hannuwa sama.

Na ce, "Duna! Zauna!" Sau ɗaya.

Ya ja birki har ƙura ta tashi, ya zauna, taku biyu tsakaninsa da rigar. Sannan ya juyo yana kallon hannuna.

Na laluba aljihu, babu leda. Na bar ta a kan turmi. Wallahi hannuna har ya fara dunƙulewa da kansa, don ya saba. Na hana shi. Na ce "tsaya", na ƙwala wa matata kira. Ta leƙo daga zaure, ta ga abin da ake ciki, ta koma. Sai ga ta da murfin kwano, a kai tsokar nama guda ɗaya.

Ta ce, "Awaki sun ja ledar. Wannan na miyarka ne na dare. Sai ka zaɓa."

Na ɗauka, na taka har gaban Duna, na buɗe masa hannu.

Ladan ya sauke hannuwansa, ya kakkaɓe rigar da ba abin da ya same ta, ya ce, "To, yau na ga ikon Allah. An samu mai jin magana a gidan Fulani." Na ce ya wuce ya kira salla kafin in sake masa Duna. Ladan da bakinsa ya je ya gaya wa mai unguwa a bar karen.

Duna ya yi shekaru yana gadin kangon, ba a sake ɗaukar mini ko kaza ba, har tsufa ya ɗauke shi. Tuwon ranar kuwa da miya zalla na ci shi, ba nama, matata tana kallona tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce ta yi shekara talatin tana fama da ni a kan wasan nan, kare ya gama aikin a mako shida.

Ban daina tsokana ba, kada ku ɗauka na zama waliyyi. Amma ban ƙara dunƙule hannu babu komai a ciki ba. Manyan jikokina har yau in na ce su zo su karɓa, sai su tsaya daga nesa su ce, "Kaka, buɗe tukuna." Ƙaramar cikinsu, wadda aka haifa bayan zuwan Duna, ita ba ta san wannan ba. Da gudu take tahowa.