Shaidar da Ta Mutu a Siber ɗin Konni

A zamanin da nake yawon fatauci, takarda ba ta fi mutum ba. An tsare ni a iyakar Gana da a hanyar Tamanrasset saboda fasfo ya wuce wa'adi, kuma ko'ina sai a samu wani dattijo ya ce, "Na san shi, na tsaya masa." Da Faransanci, da Larabci, da Turanci, maganar ɗaya ce, kuma tana buɗe hanya. Sai da na tsufa na ga wurin da ba ta aiki.

Bayan na bar tafiya na zauna Illela, wata ƙungiyar manoma da nake yi wa tafinta ta buɗe mini akwatin saƙo na intanet a na'urarta. Ina da amini a Tajaye, tare muka yi ƙuruciya a bayan manyan motoci. Ɗansa guda namiji yana aikin gini a Libiya. Waya ba ta kai ƙauyen ba tukuna, don haka ni ɗan yake rubuto wa, in je Konni in karanta a siber, wato shagon intanet, in kai wa uban labari.

Da ciwon aminina ya yi nauyi, ya kama hannuna ya ce in kira masa yaron. Na rubuta cewa tsoho ba shi da lafiya. Da na koma neman amsa, ordinatar, wato kwamfutar, ta ƙi buɗe akwatin.

Mai siber ɗin, wani magidanci ɗan gidan masu motoci, ya karanta abin da ya fito ya ce, "Alhaji, shaidar na'urar ƙungiyar nan ta mutu."

Na ce ya yi mini bayani. Ya ce saƙo a kulle yake tafiya don kada wani ya karanta a hanya, kuma kafin a kulla magana sai na'urar can ta nuna shaidar cewa ita ce. Shaidar tana da wa'adi kamar katin ɗan ƙasa. Ba a sabunta ba.

"To ai na san su," na ce. "Na ci abinci a buronsu. Gaya mata na tsaya masu."

Direbobin da ke jiran layi suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Baba, ba ta goro mana, ko ta ɗaga sanda!"

Mai siber bai yi dariya ba. Ya gwada tilasta ta, ta ƙi. Ya ce a buɗe mini sabon akwati, amma adireshin yaron yana cikin wancan, ban taɓa riƙe shi a ka ba. Na je buron, wato ofishin ƙungiyar. Wanda ya san aikin ya bar su tun damina, sauran ba su ma san shaida tana mutuwa ba. Suka ce za su aika Yamai.

Duk ranar kasuwa ina Konni, kashegari ina Tajaye. Aminina ya daina tambayata da baki, ƙofa kawai yake dubawa a bayana. Muka binne shi ana sussukar gero.

Da aka sabunta shaidar, saƙon yaron na nan tun makon farko. Ya ce akwai mota mai tasowa, in jikin ya tsananta in faɗa masa ya taho, in kuma da sauƙi ya ƙarasa aikinsa. Da ya ji shiru, ya ɗauka sauƙi ne. Amsar da na aika masa ta'aziyya ce.

Ya zo bayan shekara, ya sayar da gonar, ya ɗauke mahaifiyarsa. Gidan aminina a Tajaye ba a sake hura wuta a cikinsa ba.