Rayuwar Malam Tsatsa, Mai Raba Tuffa Biyu

Haihuwa da Asali

An haifi marigayin da jama'a suka fi sani da laƙabin Malam Tsatsa a shekarar 1938, a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, cikin ɗakin ƙarshe da ke fuskantar famfo. Mahaifinsa makanikin jirgi ne, mahaifiyarsa kuwa mai ɗinki. Zuri'arsu ta shahara da abu guda mai ban tausayi, wato mazan gidan ba sa kaiwa shekara hamsin, ciwon zuciya ke ɗauke su. Mahaifin ya rasu a 1949, ya bar matarsa da marayu biyar da keken ɗinki ɗaya, lamarin da ya tsaya wa yaron a rai iyakar rayuwarsa.

Karatu da Aiki

Bayan ya kammala karatun ilimin abinci mai gina jiki, ya kama aiki a sashen abinci na wani babban asibiti a 1963, kuma a nan ya samu laƙabinsa. Duk majinyacin da za a sallama sai ya yanka tuffa biyu a gabansa, ya matsa lemon tsami a rabi ɗaya, ya bar ɗayan ya yi duhu, sannan ya ce: "Ka gani? Iska ce ta yi wa wannan tsatsa. Haka jikinmu ke tsufa, amma ganye da 'ya'yan itace masu launi suna ɗauke da sinadaran da ke rage ɓarnar." Ma'aikatan jinya suka haddace wa'azin har suna riga shi faɗa, shi kuwa ko a jikinsa.

Aure da Iyali

A 1966 ya auri wata malamar firamare, mace mai barkwanci, wadda ta san tarihin gidansu ta ce ta ji ta gani. Ya yi mata alkawarin ba zai bar ta da marayu kamar yadda aka bar mahaifiyarsa ba. Ta ce alkawarin ya fi ƙarfin bakinsa domin rai na Allah ne, amma ta karɓi rabin tuffar da ya miƙo mata. Daga ranar, kowace safiya sai ya raba tuffa, ya matsa lemo, rabi nata rabi nasa. Gishiri a gidan sai an roƙa, soye-soye sai an yi baƙi, har 'ya'yansu kan ci a maƙwabta su goge baki su dawo. Ita kan ce miji ta nema, sai Allah ya haɗa ta da likitan tukunya.

Da ya doshi hamsin tsoro ya kama shi, ya cika kabad da ƙwayoyin sinadaran nan yana sha safe da yamma. A 1988 ya cika hamsin lafiya lau, ranar kuwa matarsa ta yi kukan farin ciki a kicin tana cewa albasa ce. Shekaru bayan haka, da bincike ya nuna ƙwayoyin ba su kai abincin kansa amfani ba, ya kwashe su ya koma kasuwa da kwandonsa. Ta ce da ma ta faɗa masa ba a ɗura lambu a kwalba.

Tsufa da Rasuwa

Ya yi ritaya a 1998, ya ci gaba da damun jikokinsa da karas da alayyahu. A 2020 Allah ya yi wa matarsa rasuwa bayan gajeriyar jinya. Ya shaida wa 'ya'yansa cewa ya cika alkawari, sai dai bai taɓa kawowa a ransa cewa shi za a bari ba.

Ya rasu da hantsi a kan kujerarsa a 2022, yana da shekara tamanin da huɗu, aka binne shi kusa da ita. Ya bar 'ya'ya huɗu: ungozoma, direban jirgi, malamin lissafi, da auta mai sayar da 'ya'yan itace. Autar ce ta fara shiga ɗakin ranar, ta tarar da farantin tuffa a gefensa. Ya cinye rabinsa, rabin mahaifiyarsu kuwa yana nan, an matsa masa lemo, fari tas. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.