Wayata a Gwangwanin Goron Baba

Jiya wayata ta yi ƙara daga cikin akwatin ƙarfe mai tsagaggen murfi, sai na tuna Baba, ƙanen mahaifina mai gyaran rediyo a Pauwa. Yakan ce, "Ƙarfe na tare sabis, amma in da kafa sai ya shiga."

Ranar da 'yan bindiga suka shigo da la'asar, cikin dawa muka kwanta, muna jin baburansu. Wayata ko kashe ta aka yi sai ta yi kiɗa. Baba ya zubar da goronsa, ya jefa ta a gwangwanin, ya danne murfin. Ashe Inna ta yi ta kirana, bai shiga ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya kwantar da shi inda babu tsoro.