Ranar da Ɗiyata Ta Kayar da Ɗalibaina

A cikin shekarun da na yi ina koyar da Ingilishi a wata makarantar sakandare a Dutsin-Ma, akwai rana ɗaya da ba za ta fita daga raina ba har ƙasa ta rufe idona. Duk wanda ya gan ni ran nan barka ya yi mani, ni kuwa na san abin da ke cin ƙirjina.

A lokacin ina ji da kaina a wannan aiki. Ɗalibaina na cin jarrabawar rubutu, iyaye na neman a saka 'ya'yansu a ajina, kuma duk gasar da za a yi tsakanin makarantu ni ake kira in jagoranci alƙalai. A gida ma ban bar ɗiyata ta fari ta huta ba. Tun tana firamare nake zaunar da ita ina koya mata nahawu, har ta zama ba ta kuskuren rubutu sai jefi-jefi. Abu ɗaya ne ya gagare ni: ba ta buɗe baki ta yi Ingilishi. In na yi mata tambaya sai ta sunkuyar da kai ta amsa da Hausa. Na ɗauka kunya ce irin ta ɗiyar fari, na ƙyale ta.

Da ta shiga babbar sakandare, mahaifiyata da ke Kurfi ta fara fama da ciwon ƙafa, ta ce a ba ta yarinyar ta riƙa ɗebe mata kewa. Ba yadda na iya, na mai da ita wata makarantar jeka-ka-dawo a can, raina bai so ba. Da na ji cewa mai koya masu Ingilishi wata yarinya ce 'yar Kudu da ta zo bautar ƙasa ta zauna, sai na ce wa mai ɗakina, to, abin da na gina ya isa ya riƙe ta har ta gama.

Shekara na zagayowa aka shirya gasar muhawara a makarantarmu, a kan ko noman rani ya fi aikin ofis. Ni na rubuta wa ɗalibaina jawabinsu da hannuna, suka haddace shi tas. Na zauna a teburin alƙalai ina gyara tabarau, sai ga 'yan Kurfi sun shigo, ɗiyata a gaba. Ba wanda ya gaya mani da ita za a zo. Na miƙe na shaida wa sauran alƙalai cewa bai dace in yi hukunci ba tunda jinina na ciki, na koma cikin 'yan kallo. A raina tausayinta nake ji, ina cewa yau za a kunyata mani yarinya a gaban mutane.

Ɗaya daga cikin ɗalibaina ya fara, ya zuba jawabi kamar ruwan famfo, ba gargada. Aka tafa. Sai ita ta miƙe. Ba takarda a hannunta. Ta soma ba da labarin manoman da ke bakin madatsar ruwa ta Zobe, yadda suke fid da tumatir da albasa lokacin da ko'ina ya bushe, da yadda wani kawunta ke ciyar da gida biyu da 'yar gonarsa. Muryar da ban taɓa ji a gidana ba ita ce ta cika ɗakin taron. Kunnena na malami bai daina aiki ba: nan ta sa aikatau a lokacin da bai dace ba, can ta yar da harafin jam'i. Ina ƙirga su a zuci. Amma da na waiga, ba mai ƙirgawa sai ni. Kowa sauraronta yake yi.

Daga nan aka zo wurin tambayoyi. Wani alƙali ya tambayi ɗalibina, idan kowa ya koma ofis, wa zai noma abin da za a ci? Tambayar ba ta cikin abin da na rubuta masa. Yaron ya yi tsaye, ya dubi rufin ɗaki, ya dube ni, ya maimaita jimlar farko ta jawabinsa ya yi shiru. Ita kuwa da aka jefa mata tata, ta ɗan yi murmushi, ta nemi kalma ta rasa, ta zagaya ta wata hanya ta faɗi abin da take nufi, har ta sa mutane dariya.

Da aka ce Kurfi ta yi nasara, na gyara tsayuwa ina jiran ta zo wurina. Ta wuce ta gabana da gudu ta faɗa jikin malamarta, suka rungume juna suna ta magana da Ingilishi. Abokan aikina na miƙo hannu suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni kuma abin da ke yawo a kaina shi ne, kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Malamar ta zo da kanta ta rusuna ta gaishe ni da Hausarta mai tangal-tangal. Ta ce, "Baba, yarinyarka yana da ƙoƙari sosai." Ko ɗar ba ta ji ba da ta mai da mace namiji. Na tambaye ta, fuskata ba walwala, ko ba ta gyara wa ɗalibanta kuskure ne. Ta ce tana gyarawa, amma ba lokacin da yaro ke tsakiyar magana ba. In ranar magana ce, abin da take ba maki shi ne ko saƙon ya isa, ko yaro ya iya amsa abin da bai shirya ba, sai ya gama ta ɗauki kuskure ɗaya ko biyu su duba tare. Ranar rubutu kuwa ba ta ɗaga ƙafa. Ta ƙara da cewa rubutun ɗiyata ya fi na kowa a ajin, kuma yarinyar ta ce ni na koya mata.

Duk abin da ta faɗa na karanta shi tun a kwaleji, cewa ji da magana da karatu da rubutu kowanne da ma'auninsa. Wannan ne ma ya ƙara ƙona mani rai. Yabon da ta yi mani bai sanyaya komi ba.

A gida na ce wa mai ɗakina zan dawo da yarinyar Dutsin-Ma, don karatun can ya yi sako-sako. Ta dube ni ta ce, "Malam, kishi ne wannan ko gyara?"

Ranar kasuwar Kurfi na shiga mota na tafi da niyyar amso takardar canjin makaranta. Hanyar ofishin shugaban makarantar ta bi ta bayan ajinsu, sai na ji hayaniya na tsaya a taga. Sun mai da ajin kasuwa, wasu na talla wasu na taya, duk da Ingilishi. Malamar ta so ta tsawata wa wani yaro da Hausa ta karkace harshe, ajin ya kwashe da dariya, ɗiyata ta gyara mata. Ta maimaita har sai da ta faɗa daidai, ta yi godiya, sannan ta ce to saura ke, faɗi mani da Ingilishi. Yarinyar ta faɗa, ta yi kuskure, aka yi dariya, ta sake. Na daɗe a wurin ba su gan ni ba. Ban ƙarasa ofishin ba.

Na wuce gidan mahaifiyata na gaishe ta. Ta tambaye ni mi ya kawo ni, alhali sai Juma'a na saba zuwa. Na ce zumunci. Ta ce, "To madalla. Ɗiyar nan dai ka bar mani ita, ta sami uwa a makaranta." Na ce na bar ta, amma har na hau mota maganar na sukata.

Ba zan ce kishin ya tafi ran nan ba. Ya daɗe yana taso mani duk lokacin da na ji yarinyar ta ambaci malamarta. Sai dai daga wannan zangon na daina rubuta wa ɗalibai jawabi, na ware ranar da za su yi magana in riƙe bakina har su kai aya, abin da ya fi mani wuya fiye da duk wani darasi da na taɓa shiryawa.

Abin da na koya shi ne, malamin da ke auna yaro da kuskurensa kaɗai ba zai taɓa sanin iyakar abin da yaron ya iya ba. Kuma ɗalibi ba gonar mutum ɗaya ba ne, ko da kai ka haife shi. Wani ya yi shara, wani ya yi shuka, wani ya yi ban-ruwa, in amfani ya yi kyau sai a gode wa Allah.