Ɗorin da Malam Bappa Ya Ƙi Yi

Ina kan keken ɗinki, allura a bakina, Usman ya bugo mini waya ya ce, "Kawu Sale, Baba ya rasu bayan Azahar." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni da aka sani a Ƙofar Ran da cewa ko a wurin makoki sai an harare ni nake yin shiru, ranar bakina ya mutu da kansa.

Mahaifin Usman, Malam Bappa, maɗori ne, gadon sana'ar ya yi. Duk wanda ya faɗo daga babur ko daga kan mangwaro a unguwarmu, zaurensa ake nufa da shi. Jama'a za su tuna shi da ƙasusuwan da ya ɗora. Ni da wanda ya ƙi ɗorawa nake tuna shi.

'Yata Hauwa'u tana firamare ta fara ɗingishi. Ƙasan gwiwarta ya kumbura, ga zazzaɓi. Ni da muka rabu da boko a aji huɗu, kowa na murna, na duba ƙafar da idon tela na yanke hukunci: targaɗe ne, wurin 'yar gala-gala. Uwarta ta ce asibiti. Na ce ta kwantar da hankalinta, maza sun duba. Na saɓa yarinya a kafaɗa, na cusa zakara a hammata, tunda ba a zuwa wurin ɗori hannu Rabbana.

Malam har ya jawo kara da tsumma. Sai ya aza bayan hannunsa a kan kumburin, ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ce, "Jikalle, a ina kika faɗi?" Ta ce ba ta faɗi ba. Na yi wuf na ce ai yara kullum cikin faɗuwa suke. Bai ko kalle ni ba, ya ture karan gefe.

"Sale, ƙafar nan ba ta karye ba, ba ta goce ba. Zafin daga ciki yake tasowa. In na ɗaure, na kulle ciwon ne a ɗaki. Hannuna iyakarsa fata da gaɓa, abin da ke cikin ɓargo sai masu hoto."

Na ce, "To Malam, zakaran fa?"

Ya ce, "Riƙe shi da kyau. Shi kaɗai ne mai lafiya a cikinku."

Da kansa ya rufe zaure, ya tare mana Keke Napep, ya raka mu asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashi, ya fito fes. Na ɗaga shi sama ina ƙanƙance ido kamar mai duban watan Sallah, har wata nas ta zo ta juya mini shi, ashe a kife na riƙe. Duk da haka na ce, "Malam, ka gani? Masu hoton ma ba su ga komai ba. Mu koma ka ɗora." Ya ce, "Dokta Sale, zauna. Ɗan'uwanka likita bai gama ba." Tun daga ranar sunan ya manne mini.

Kuma bai gama ɗin ba. Likitan ya ce irin wannan ciwo in yana sabo hoto ba ya kama shi, sai ya fara cin ƙashi yake bayyana. Ya danna wuri guda da yatsa, Hauwa'u ta ƙwala ihu. Aka ɗebi jini, ya nuna ƙwayar cuta ce jikin ke fama da ita. Aka ba ta gado, aka fara allurai ba jira. Da aka sake hoto daga baya, sai ga gurbin ciwon kamar inda asu ya ci yadi. Aka yi aiki aka fitar da mugunya. Likitan ya ce da an ɗaure ƙafar an zauna a gida, da maganar yanke ta ake yi.

Malam bai daina zuwa dubiya ba har aka sallame mu, kullum da ayaba a aljihun babbar riga. Ya kan ce, "Ni ban taɓa jin kunyar cewa wannan ba aikina ba ne." Da na mayar masa da zakaran ya ce, "Ban yi ɗori ba, da wane suna zan ci?" Tsufa ne ya kashe zakaran nan a gidana.

Hauwa'u yanzu tana jami'a a Yelwa, can wajen gari. Washegarin rasuwar ta ce mini tana tafe. Muka yi ta zaman makoki ba ta iso ba sai bayan La'asar, hijabinta sharkaf da gumi. Na tare ta a ƙofar gida na ce, "Ke, kekuna sun ƙare ne a Yelwa?" Ta ce, "Suna nan, Baba. Da ƙafata na so in zo masa."

Ya Allah, Ka jiƙan Malam Bappa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa. Ka ba Usman da ƙannensa da mahaifiyarsu haƙuri, Ka tsaya musu kamar yadda ya tsaya mana. Duk takun da yarinyar nan za ta yi zuwa alheri, Ka sa masa rabo a ciki. Amin.