Shagonmu Ni da Yaya

Yayana ya girme ni sosai, kuma tun da na yi wayo a gidanmu na Barmu nake ganinsa da gawayi a hannu. Babu rumbun da bai zana wa wani abu a jiki ba. Raƙumi ne, jakin maƙwabcinmu mai yankakken kunne ne, ko motar kasuwa da buhunan albasa sun yi mata yawa har ta karkace. Baba ba ya son abin ko kaɗan. Cewa yake namiji da ƙarfinsa ya bar hauya ya tsaya ɓata bango, wannan ba sana'a ba ce. Inna ce ke goge zanen da jiƙaƙƙen tsumma kafin Baba ya dawo daga gona, amma ni na sha kama ta tana tsaye, tsumma a hannu, tana murmushi ita kaɗai kafin ta fara gogewa.

Da sa'o'insa suka fara tafiya bida, wasu Abijan wasu Libiya, shi ya ce Tawa ta ishe shi. Ya zauna wajen wani dattijo mai rubuta allunan shaguna kusa da tasha, ya koyi haɗa fenti da riƙe buroshi, har ya tsaya da ƙafarsa. Ni kuwa aka bar ni a lakwal ina karatu. Na yi kolej a Tawa, na wuce Yamai na koyi aikin ordinatar, wato kwamfuta, na dawo na samu gurbi a wani buro ina buga takardu. Aiki ne mai rufin asiri, ba ni da abin da zan ce da shi.

A lokacin ne manyan ledojin talla da ake bugawa da inji suka cika gari. Mai shagon da a da zai jira Yaya ya rubuta masa allo da hannu, yanzu sai ya aika a buga masa da hoto ya rataya. Aikin Yaya ya ja baya. Wata rana da hantsi ya same ni a buro, rigarsa duk ɗigon fenti, ya ƙi zama.

"Auta," ya ce, don haka yake kirana har yau, "ke kin san na'ura, ni na san zane. Mi zai hana mu haɗa?"

Na ce, "Yaya, in bar aikina?"

"Ban ce ki bari ba. Tambaya na yi."

Bai sake tayar da maganar ba. Ni ce na kasa cire ta daga raina. Kafin damina ta faɗi na ajiye aikin, kuma kowa a gidanmu ya ce na haukace, ban da Inna.

Muka kama wani ɗan ɗaki a bayan kasuwa. Teburinsa na bakin ƙofa saboda haske, nawa na ciki saboda na'ura ba ta son ƙura. Shi zai zana a takarda da fensir da tawada, ni in ɗauke zanen in sa a ordinatar, in zuba launi, in jera rubutu. Aikinmu na farko na wasu mata ne masu sayar da cuku, suna son takardar da za su manna a jikin ledarsu. Yaya ya zana musu saniya mai dogayen ƙahoni, kyakkyawa. Babbarsu, wata Buzuwa mai yawan dariya, ta duba ta ce wannan saniyar ba ta taɓa ba ta nono ba, nasu shanun jajaye ne, ƙahonsu gajere. Yaya bai ji haushi ba. Ranar kasuwa ya tafi kara ya wuni a cikin shanu, ya dawo takalmansa duk kashi, da zane cike da aljihu. Matan nan da suka ga sabuwar saniyar sai da suka yi guɗa a ƙofar shago.

Daga nan aiki ya buɗe. Katin biki, kalandar suna, tambarin masu ɗinki, hotunan da ma'aikatan lafiya ke fita da su ƙauyuka don yi wa mata bayani. Yaya yana aiki yana ɗan waƙe-waƙe a maƙogwaro, ba ya taɓa kai waƙa ƙarshe. Shayinsa kullum sai ya huce ya manta da shi. In zane ya fito masa yadda yake so, ba ya magana, sai dai ya turo mini takardar da ɗan yatsa ɗaya ya kau da kai, wai shi bai damu ba. Na yi aure a shekarun nan, na haihu, na yi goyo a bayan teburin nan. Ban san lokacin da na ji daɗin duniya kamar wannan ba.

Sai wasu malaman makaranta suka zo da babban aiki. Sun rubuta littafin karatun yara da Hausa, suna son a yi masa hotuna, shafi bayan shafi. Labarin wata yarinya ce da jakinta a hanyar rijiya. Yaya ya ce tun yana zanen rumbu wannan aikin yake jira. Ya saka wa yarinyar fuskar ɗiyarsa, har da wushiryarta.

A tsakiyar aikin nan na fara lura da wasu abubuwa. Ya kan ture kofin shayi da ke gefen hannunsa kamar bai san yana nan ba. Ya kan bugi ƙyauren ƙofa da kafaɗa. In mutum ya shigo ta gefensa ya yi sallama, sai ya zabura ya juyo da kansa gaba ɗaya. Yana yawan cewa kansa na ciwo, muka ɗora wa zafin rana da warin fenti.

Wata safiya ya turo mini shafi, na duba, na ga gefen hagu na takardar fayau, jakin kuma ba shi da ƙafafun baya.

Na ce, "Yaya, ba ka gama wannan ba."

"Na gama."

"Dubi nan."

Ya ɗauki takardar ya yi ta jujjuya ta a gaban fuskarsa har ya gano wurin. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce mantuwa ce, ya ce in daina sa masa ido kamar yaro. Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

Ba a jima ba ɗan kabu-kabu ya buge shi a bakin kasuwa. Ba wani rauni ba ne, ƙujewa ce a gwiwa. Amma mutanen da ke wurin suka ce babur ɗin ya taho a fili, kowa ya gan shi, Yaya ne ya shiga gabansa. Ranar na ce ko ya so ko ya ƙi sai mun ga likitan ido.

Likitan ya gwada shi, ya sake gwadawa, ya aika mu Yamai. A can aka ce mana hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar gani daga gefe-gefe ba tare da ya sani ba. Idon hagu ya riga ya tafi kusan duka. Na dama za a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage. Na tambayi likitan ko aikin tiyata zai dawo da ganin. Ya ce, "Madam, abin da ya tafi ba ya dawowa." Yaya yana zaune a gefe, hularsa a gwiwa. Tambaya ɗaya ya yi: ko zai iya gama littafin da ke hannunsa. Likitan ya ce ya riƙa sa magani, Allah ne masani.

Ya sa maganin, an yi masa aiki, mun yi addu'a, Inna ta aiko da rubutu. Ganin ya ci gaba da tsukewa. Ya ce mini kamar yana leƙen duniya ta cikin kara ne. Duk da haka bai bar teburinsa ba. Ya ajiye fensir ya ɗauki alƙalami mai kauri, yana kifa fuska a kan takarda har hancinsa na taɓa ta. Yana ganin inda bakin alƙalamin yake, amma ba ya ganin inda ya fito da layin. Kai na nan, jiki na can. Na riƙa gyara abin da zan iya a na'ura, ina jawo hannu zuwa kafaɗa, ina haɗa layin da ya rabu. Amma ni ba mai zane ba ce. Abin da nake gyarawa ba ya da rai.

Malaman sun yi haƙuri da mu ƙwarai, ba su taɓa matsa mana ba. Yaya ne da kansa wata rana ya ce in shimfiɗa masa shafukan duka a tebur, na farko da na baya.

"Auta, ki duba da kyau. Ki hwaɗa mini gaskiya don Allah. Waɗanda na yi yanzu, za a iya ba yara?"

Na yi shiru. Ya ce shirun bai ishe shi ba, da baki yake so.

Na ce, "Ba za a iya ba, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na gode." Ya laluba ya tattara takardun ya daidaita gefensu a kan tebur kamar yadda ya saba. Sannan ya ce in kira malaman in ce su nemi wani ya ƙarasa, kada a riƙe yara saboda shi. Na fita bayan shago wajen tulun ruwa na toshe bakina da mayafi don kada ya ji ni. Da na dawo ya ce in sha ruwa, muryata ta dushe.

Wani mai zane a Yamai ya ƙarasa littafin. Ya yi ƙoƙari, amma daga tsakiya yarinyar ta canza fuska.

Yaya ya ci gaba da zuwa shago na wani lokaci, matarsa na rako shi da safe. Yana zama a bakin ƙofa yana amsa gaisuwa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne masu shigowa su wuce shi su zo wajena su rage murya su ce, "Ya jikin nasa?" alhali yana zaune yana ji. Wata rana ya nemi kananzir ya wanke burosansa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su a tsumma ya ɗora a kan kanta. Ya ce gida zai koma.

Baba ne ya zo ɗaukarsa da kansa. Tun da muka buɗe shagon bai taɓa taka shi ba. Ya shigo da sandarsa, ya tsaya a gaban bangon da muke manna ayyukanmu, ya daɗe yana bin su da kallo. Ya kai hannu ya taɓa jar saniyar masu cuku.

Ya ce, "Duk kai ka yi waɗanga?"

Yaya ya juyo da fuskarsa wajen muryar. Ya ce, "Waɗanne, Baba?"

Baba ya share fuska da bakin rawaninsa, ya kama hannun ɗansa, suka fita.

Shagon yana nan. Na sayi injin buga leda, na ɗauki ma'aikata, aiki yana shigowa. Hotuna kuwa daga intanet nake ɗauko su kamar kowa. Yaya yana Barmu da iyalinsa. Ya koyi tufkar igiya da saƙar tabarma, kuma hannunsa ya faɗa da su, har daga ƙauyukan kusa ana zuwa saye. In na je ya kan tambaye ni mijina da yara da farashin hatsi a Tawa. Ba ya tambayar shago, ni ma ba na kawo zancen.

A daminar da ta wuce wata ma'aikaciyar lafiya ta ba ni shawara in kai masa yumɓu, ta ce wanda ya iya zane yakan iya ƙira da hannu ko ba ya gani. Na ɗauki maganar da muhimmanci. Na samo yumɓu mai laushi wajen masu tukwane, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu na kai masa. Na same shi a ƙarƙashin rumfa da la'asar, kaba a gabansa. Na sa masa curin a hannu.

Ya shinshina, ya gane. Yatsunsa suka fara aiki tun kafin ya yi magana. Ina kallo wuya ya fito, dogo, sai ƙirji, sai wani abu kamar tozo. Sai ya tsaya. Ya riƙe abin a tafin hannu na ɗan lokaci, sannan ya dunƙule shi ya mayar da shi curi, ya miƙo mini.

"Auta, na san don alheri kinka yi. Amma kada ki sake kawo mini. Na sha wuya kahin in samu zuciyata ta kwanta."

Na ce, "To, Yaya."

Ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya jawo kabarsa ya ci gaba da saƙa, yana ba ni labarin yadda gero ya yi kyau bana a gonar gabas, wai Baba ne ya faɗa masa. Da na tashi tafiya ya rako ni har ƙofar gida yana dafa bango. Ya ce in gaida yara, in kuma riƙa hutar da idona daga na'urar nan, in je a duba mini su ko ba sa ciwo.

A motar komawa Tawa na yi kuka har wata tsohuwa da ke gefena ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini. Na ce mata a'a. Washegari na buɗe shago da wuri, don akwai katin bikin da aka ce za a zo karɓa kafin azahar.